Me matan Arewa suka sani game da alamomin haɗari a lokacin goyon ciki?

Alamomin da ke cewa mai ciki ta nufi asibiti ba tare da jinkiri ba sanannu ne: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, da ɗaukewar motsin ɗa. A Nijar, inda binciken ƙasa na 2012 ya ƙiyasta mutuwar mata 535 cikin kowace haihuwa 100,000, auna yawan matan da suka san waɗannan alamomi aiki ne babba.

A Dogon Dutsi da Tibiri, cikin ƙasar Arewa ta Nijar, mai bincike kan bi ƙauyuka kamar na Matankari ko Kore Mairuwa gida-gida, kuma gara ta kasance mace, don namiji ba zai ji komai a tsakar gida ba. Salon tambayar ne ke yanke sakamakon. In aka ce wa mace ta lissafo alamomin da kanta, zubar jini takan fara ambata, sau da yawa ta tsaya nan. In kuwa aka karanto mata su ɗaya bayan ɗaya, kusan duk za ta ce ta sani, ko don kada ta kunyata baƙuwa. Amsar farko ta fi gaskiya.

Akwai kuma abin da takardar tambayoyi ba ta kamawa. Kumburi, wanda kan zo da hawan jini, wasu na ɗaukarsa nauyin ciki ne kawai. Jijjiga kuwa, a ƙasar da bori ke da tsohon tushe, akan jingina ta ga iskoki, a fara da hayaƙi da rubutu. Mai cikin fari ga kunya: ba ta faɗin ciwo gaban uwar miji.

Awon ciki kyauta ne a Nijar tun 2006, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga 4 zuwa 8. Amma ungozomar da layi ya yi wa yawa takan auna, ta ba da ƙwayar ƙarin jini, bayani ya sha ruwa. Tambayar mata kaɗai kuma ba ta wadatarwa. Sai an haɗa da maigida da uwar miji, waɗanda ke ba da izinin fita da kuɗin amalanke ko babur zuwa asibitin Dogon Dutsi.