Yadda Ƙuri'a Kan Salwanta A Cikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Sakamakon zaɓen mazaɓa guda, kamar ta Dabawa a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, ya isa darasi ga ɗaliban ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Darasin kuwa shi ne yadda za a sa na'ura ta tattara alƙaluma ba tare da ta zubar da ko ɗaya ba.

Na'urori kan yi musayar bayani cikin wani tsari da ake kira JSON, inda ake rubuta suna, a biyo shi da abin da ya ƙunsa. A sakamakon zaɓe, sunan jam'iyya ne zai zo, sa'an nan yawan ƙuri'unta. To, amma sunayen ba su tabbata wuri guda. A 2019 jam'iyyu 91 ke da rajista a Nijeriya. A watan Fabrairu na 2020 hukumar zaɓe ta soke rajistar 74. 'Yan takarar shugaban ƙasa 73 ne a 2019, amma 18 ne a 2023.

Harsunan da ake gina manyan manhajoji da su, irin su Go na kamfanin Google da ya fito a 2009, sun fi son a ware wa kowane suna gurbinsa tun kafin aiki ya fara. Nan ne haɗarin yake. Idan sunan da ba a ware masa gurbi ba ya zo, Go zai tsallake shi shiru, ba tare da gargaɗi ba. Idan kuma sunan da ake jira bai zo ba, sai ya bar sifiri a gurbinsa, kamar dai jam'iyyar ba ta sami komai ba.

Maganin wannan shi ne a buɗe jadawali mai karɓar kowane suna da ya zo tare da adadinsa. Harshen Rust ma yana da irinsa. Daga nan a gwada sunayen da jerin jam'iyyun da suka shiga zaɓen, a kuma tabbatar jimillar ta yi daidai da ta takardar da aka sa wa hannu.

Wannan ya shafi ma'aikatan gwamnati su ma, domin sunayen makarantu da asibitoci da magunguna sukan ƙaru ko su canja. Ya kamata ofishin da zai karɓi sabuwar manhaja ya jarraba ta da sunan da ba ta taɓa gani ba, ya ga ko za ta ƙirga shi ko kuwa za ta haɗiye.