"Derm" a takardar likita: Abubuwan da ya kamata ka sani

Likita ya duba ƙurajen da suka feso wa yaronka, ya rubuta *dermatitis* a kati, ka fito gabanka yana faɗuwa. Rabin kalmar nan fata kawai yake nufi.

Daga ina ta fito?

Daga Girkanci. Tsoffin Girkawa suna kiran fata *derma*, kuma tushenta aikatau ne, *derein*, wato feɗe dabba. Ka ga da fari fatar da aka feɗe ake nufi, irin wadda mahauci kan miƙa wa majemi, kafin ta zama sunan fatar da ke jikin mai rai. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Mu ma daga wajen mahauta muka ɗauko kalmar fiɗa, har muke cewa likitan fiɗa.

Me ya sa wani lokaci *derm*, wani lokaci *dermato*?

Nahawu ne. A Girkanci idan za a ce "na fata", *derma* takan koma *dermatos*. Daga nan aka sami *dermatology*, ilimin cututtukan fata.

Yadda ake kwance kalmar

Duba abin da aka liƙa mata. *Epi* na nufin bisa, don haka *epidermis* shi ne sashen fata na waje. *Hypo* ƙarƙashi ne, shi ya sa ake kiran allurar da ke huda fata *hypodermic*, irin wadda likita Alexander Wood na Edinbura ya fara aiki da ita a 1853. *Dermatophyte* kuwa "tsiron fata" ce, naman gwarin da ke haddasa makero. Har giwa ta sami rabonta: *pachyderm*, mai kaurin fata.

Sai *itis*, wadda ke nufin kumburi. Nan ne na fi so a tsaya. *Dermatitis* ta gaya maka inda matsalar take da kamanninta, amma ba ta faɗi sanadi ba. Sabulu na iya jawo ta, ko rinin gashi, ko ƙarfen ɗan kunne, ko gado. Galibi ba a ɗaukarta daga wani, saɓanin ƙazuwa da makero. Don haka kada ka bar ɗakin likita sai ka tambaye shi wace iri ce, kuma me ya kawo ta.

A jikin kwalin magani fa?

Ganin *derm* a kwali ba ya nufin man shafawa ne na kowa. Dermovate, alal misali, yana ɗauke da sinadarin kulobetasol, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a magungunan kashe kumburi. Likita kan ba da shi na ɗan lokaci. Masu shafa shi wata da watanni don hasken fata kuwa, fatarsu takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni ya daɗe bai warke ba.