Kafin ka kai aiki maɗaba'a: yadda ake shirya fayil don kada kuɗi su tafi a banza

Da zarar kaka ta yi, aka shiga watannin bukukuwa, maɗaba'un Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan cika da jama'a. Wani katin ɗaurin aure ya kawo, wani kalandar sabuwar shekara, wani kuma bandarol ɗin taron ƙungiya ko takardun tallar shago. A yau yawancin mutane da aikinsu a shirye suke zuwa, a cikin wayar salula ko a kile USB, tun da manhajoji irin su Canva da Word sun sa kowa na iya tsara kati da kansa.

To amma a nan ne gardama ke tashi. Mai aiki ya ce ba haka launin yake a wayarsa ba, hoton amarya ya dushe, an yanke rabin lambar waya. Mai maɗaba'a kuma ya ce abin da aka ba shi ya buga. Sau da yawa shi ke da gaskiya, domin inji ba ya gyara fayil, abin da ya tarar shi yake zubawa a takarda. In kuwa kati ɗari biyar ya fito da kuskure ana saura kwana huɗu biki, ko a sake biya, ko a raba shi haka nan a sha kunya.

Launin waya haske ne, launin takarda tawada ce

Fuskar waya da ta kwamfuta suna haɗa launi da haske iri uku: ja, tsanwa da shuɗi. Shi ne tsarin da ake kira RVB da Faransanci, RGB da Ingilishi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai kama da ruwan hoda, rawaya da baƙi, wato CMJN ko CMYK. Tawada ba ta fitar da haske, hasken da ya faɗo a kan takarda take mayarwa, shi ya sa akwai launukan da waya ke iya nunawa amma tawada huɗun nan ba za su taɓa kaiwa gare su ba. Shuɗi mai ƙyalli yakan koma kamar shunayya, tsanwa mai walƙiya ta yi duhu. Ko ruwan goron tutar Nijar, wanda ake samu daga haɗin ja da rawaya, yakan fito a sanyaye in aka ɗauko shi daga intanet aka buga kai tsaye.

Mai tsara aiki da CorelDRAW, Illustrator, InDesign ko Photoshop, sai ya buɗe shafinsa a CMJN tun farko, ya ga launin da zai samu da gaske. Word ba ya da wannan zaɓi, da RVB yake aiki. In da shi aka yi aikin, a faɗa wa mai maɗaba'a, ya juya launin ya nuna kafin a buga.

Baƙi ma yana da nasa hukunci. Ƙananan rubutu a yi su da tawada baƙa ita kaɗai, ɗari bisa ɗari. In baƙin haɗin tawada huɗu ne, kuma takarda ta goce ko da ƙanƙane a cikin inji, sai a ga inuwar ja ko shuɗi a gefen kowane harafi, karatu ya yi wuya. A babban fili mai duhu kuwa, in jimillar tawadar ta wuce kusan kashi 300 cikin ɗari, ba ta bushewa da wuri, sai ta shafi bayan takardar da ke kanta.

Hoto: lissafin da kowa zai iya yi

Kowane hoto na waya ko kwamfuta tarin ƴan ɗigo ne da ake kira fiksel. Don hoton da za a riƙe a hannu ya fito tas, ana son ɗigo 300 a kowane inci, inci kuwa santimita 2,54 ne. Ke nan kusan ɗigo 118 a kowace santimita. Lissafin mai sauƙi ne: duba yawan fiksel ɗin hoton, ka raba da 118, abin da ya fito shi ne iyakar girmansa a santimita.

Hoton da waya mai megafiksel 12 ta ɗauka yana da fiksel 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. Zai kai kusan santimita 34 da 25, ya rufe takarda A4 ba matsala, tun da A4 fiksel 2480 da 3508 take buƙata. Amma in aka tura wannan hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi ya koma kusan fiksel 1600 a tsawo, wato santimita 13 da rabi. Ya isa ƙaramin hoto a cikin kati, bai isa kalanda A3 ba. In kuma hoton allo aka ɗauka daga Facebook, abin ya fi haka lalacewa.

Maganin ba ya cin ko dala: a nemi hoton asali daga wayar da ta ɗauka ko daga mai hoto, a tura shi ta WhatsApp a matsayin «Document», ko ta imel, ko a kile. Ja wa ƙaramin hoto kunne a kwamfuta don ya yi girma ba ya ƙara masa komai, ɗigon ne kawai ke kumbura.

Bandarol da manyan allunan talla ba sa buƙatar ɗigo 300, domin daga nesa ake kallonsu. 100 zuwa 150 a ainihin girman aikin ya wadatar, manya ƙwarai ma ƙasa da haka. Tambarin kamfani ko na ƙungiya kuwa, a nemi asalinsa na zanen layi, irin fayil ɗin AI, EPS, SVG ko CDR. Shi wannan ko bango guda aka cika da shi gefensa ba ya fashewa.

Milimita uku na wuƙa

Ba a buga kati ɗaya-ɗaya. Ana jera su da yawa a babbar takarda, a tara ɗaruruwa, sannan a yanke da injin yanka, masiko. Komai ƙwarewar mai yanka, wuƙar takan goce da milimita ɗaya ko makamancin haka. In launin bayan katin ya tsaya daidai kan iyaka, sai a ga siririn farin layi a gefe.

Shi ya sa ake barin rara, abin da ma'aikatan ɗab'i ke kira «fond perdu»: launi ko hoton baya ya zarce iyakar katin da milimita 3 ta kowane gefe. Katin A5 mai milimita 148 da 210, fayil ɗinsa ya zama 154 da 216. Ta ciki kuma, kada rubutu, tambari ko lambar waya su matso gefe fiye da milimita 5. Masu son zagaye kati da siririn layi daf da gefe su sani cewa shi ne ke fara tona gocewar wuƙa, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. A Canva, in an zo saukewa, a zaɓi «PDF pour impression» a kuma sa alamar yanka da rara.

Ga mai ɗan littafi ko mujallar da za a ɗinke da ƙarfe a tsakiya, dole yawan shafuna ya rabu da 4, domin kowace takarda da aka naɗe shafi huɗu take bayarwa. Mai shafi 30 sai ya rage zuwa 28 ko ya cika 32. A tura shafunan ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin karatu. Jera su yadda za su hau inji aikin maɗaba'a ne.

Haruffa masu lanƙwasa

Wannan matsala tamu ce, masu rubuta Hausa. Ƙa'idar rubutun da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar a 1999 tana amfani da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Dubban nau'o'in rubutu na ado da ake saukowa daga intanet ba su da waɗannan haruffa, don Turawa aka zana su. In aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da nau'in rubutun da aka yi aikin da shi, sai ta musanya da wani. Nan take layuka su goce, harafi mai lanƙwasa ya koma ɗan akwati ko alamar tambaya, ko kuma mai haɗa aiki ya gaji ya sa harafin da ba lanƙwasa.

Ba ƙaramin abu ba ne. Katin da ya kamata ya ce «manyan baƙi» sai ya ce «manyan baki». Ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun da ake bugawa da Hausa ƙaruwa za su yi, kuma idon masu karatu zai ƙara buɗewa a kan irin wannan.

Akwai nau'o'in rubutu na kyauta da ke ɗauke da haruffan duka, kamar Charis SIL, Andika da Noto Sans. Masu aika aiki Kano su tuna cewa a Najeriya 'y ake rubutawa a madadin ƴ. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai, a kuma gaya wa mai haɗawa kada ya taɓa.

Larabci da ajami sun fi haɗari, ga shi kuwa kusan kowane katin aure ko na suna da Bismillah ko addu'a yake farawa. Wasu manhajoji ba su san rubutun dama zuwa hagu ba, sai su wargaza haruffan, kowane ya tsaya shi kaɗai, ko su juya kalmar ta koma baibai. Wanda bai iya karatun ba zai ga kamar lafiya lau. Haka kuma rubutun allo da aka saba da shi a nan yana sa ɗigon fa a ƙasa, na ƙaf ɗaya a sama, saɓanin rubutun gabas. Nau'o'in Harmattan da Alkalami don ajamin Afirka ta Yamma aka yi su. Ko da wanne aka yi aiki, a ba malami ya karanta kafin a buga.

A tura PDF, a rufe rubutu

Hanya mafi aminci ita ce a miƙa aikin a PDF, domin yana tafiya da nau'in rubutunsa a cikinsa. Don tabbatarwa, a buɗe shi a Acrobat Reader, a shiga «Propriétés», sannan «Polices»; kowane suna ya nuna an cusa shi a ciki. Manhajojin ƙwararru suna da zaɓin PDF/X-1a ko PDF/X-4, waɗanda ƙa'idoji ne na duniya da aka tsara musamman don ɗab'i. A tambayi maɗaba'a wanne take so.

Ga kati, tambari ko bandarol, ana iya mai da rubutun zane gaba ɗaya, abin da ake kira «vectoriser». A CorelDRAW Ctrl da Q ne. Daga nan babu kwamfutar da za ta musanya harafi. Sai dai rubutun ba ya gyaruwa kuma, saboda haka a ajiye kwafi ɗaya buɗaɗɗe a gida. Tura fayil ɗin Word, PowerPoint ko CDR tsirara kuwa kasada ce, tun da tsohuwar manhaja ba lalle ta buɗe aikin sabuwa ba.

Sunan fayil ma ya faɗi abin da ke ciki: irin aikin, girmansa da kwanan wata. In akwai kwafi uku a kile ɗaya duk da suna «final», wanda bai kamata ba ake bugawa.

Takarda, inji da sa hannu

Kafin a fara zane ya kamata a je maɗaba'a, ba bayan an gama ba. A tambayi girman da ya fi dacewa da takardarsu, a taɓa samfurin da hannu. Nauyin takarda da giram ake faɗinsa a kan murabba'in mita: 80 ita ce ta ofis, 135 zuwa 170 ta fosta da takardun talla, 250 zuwa 350 ta kati. Launi ɗaya yakan fi haske a takarda mai santsi, ya yi sanyi a marar santsi wadda ke shan tawada.

A kuma san da wane inji za a buga. Na dijital ya fi dacewa da aiki kaɗan na gaggawa. Na ofset sai an yi farantin ƙarfe ga kowane launi, huɗu ke nan ga aiki mai launi, shi ya sa yake da tsada a ɗari biyu amma ya yi araha a dubu biyar. Kuskuren da aka gano bayan an yi faranti, sabon faranti ne, kuma mai aiki ne zai biya.

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin da ake sa wa hannu, «bon à tirer», BAT a taƙaice. Sa hannun yana nufin ka gani ka yarda, duk kuskuren rubutun da ya rage naka ne. Don haka kada a karanta shi a tsaye a bakin kanta, kuma kada a wadatu da hotonsa a waya. A nemi kwafi a takarda. A duba sunaye harafi-harafi, a duba ko ranar mako ta yi daidai da kwanan wata, na boko da na Musulunci. A ƙirga lambar waya ta cika takwas, a ma kira ta a ji ko ta shiga. In akwai lambar QR, a gwada ta da waya. Sannan a ba wani wanda bai ga aikin ba ya karanta, domin idon da ya rubuta abu yakan ga abin da ya yi niyya ne, ko da ba shi ke kan takardar ba. In biki ne, a ba maɗaba'a ƙarin kwanaki a kan wa'adin da ta faɗa, saboda ɗaukewar wutar lantarki da layin masu jira.