Gishirin Maganisiyam da Ciwon Jijjiga

Maganisiyam wani sinadari ne da jikin mutum ke bukata domin jijiyoyi da tsoka su yi aikinsu daidai. Ana samunsa cikin gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da ganye irin su alayyahu, watau abubuwan da ake nomawa a ƙasar Dawakin Tofa, ake kuma aunawa kullum a kasuwar Dawanau. Wanda ke cin waɗannan ba safai yakan rasa shi ba.

Amma babban amfaninsa wajen magani shi ne ga ciwon jijjiga, wanda wasu ke kira taune-taune. Ciwon yakan kama mace mai tsohon ciki, ko tana kan gwiwa, ko bayan ta haihu, galibi mai cikin fari. Mutane sukan ce iskoki ne, su tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Ba iskoki ba ne, hawan jini ne ke tafe da shi. Alamunsa kuwa su ne ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska da hannuwa, da gani dishi-dishi.

Maganinsa allurar gishirin maganisiyam ce. A 2002 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, aka tarar allurar tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitoci goma na Jihar Kano. Kafin nan, cikin mata 100 da ciwon ya kama kusan 21 ke rasuwa. Bayan haka ba su kai 3 ba.

Sai dai a lura, ma'aikacin asibiti kaɗai ke yin wannan allura, gama in ta yi yawa takan tsayar da numfashi.

Saboda haka ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su gargaɗi magidanta da ungozomomi. A bar mata su riƙa zuwa awon ciki. In jijjiga ta kama mace, a kwantar da ita ta gefe, kada a ɗura mata kome a baki, a kai ta asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Malamai kuma su karanta wa jama'a wannan takarda ran kasuwa.