Gargaɗi ga Masu Kiwon Ɓeran Masar a Duvu da Kewayen Mubi

Jama'ar Duvu da Chaba da Girburum, da duk wanda wannan saƙo ya riska a ƙasar Mubi, iyayenmu da 'yan uwanmu: in akwai ɓeran Masar a gidanku, naku ne ko na 'ya'yanku, ku tsaya ku ji wannan magana kafin bazara ta kankama. Dabbar nan mai gashi ruwan zinariya da yara ke rububi a hannun masu ƙaunarta take mutuwa, kuma galibin abin da ke kashe ta da kyakkyawar niyya ake yi mata shi.

Mafi gaggawa shi ne batun magani. Kada a ba ɓeran Masar kafso. Mun saba, da zarar kaza ta yi sanyi ko ɗan akuya ya fara zawo, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso, a ɓare a zuba garin cikin ruwan sha. Wannan al'ada ajali ce ga ɓeran Masar. Ampiclox, amoxicillin, ampicillin, allurar penicillin, erythromycin, lincomycin da clindamycin, babu ko ɗaya da ya kamata ya shiga jikinsa. Kafson nan ja da yalo da ake ɗura wa kowace dabba, shi ma a yi nesa da shi. Dalilin yana cikin hanjinsa. A kan ciyawa yake rayuwa, amma ba shi ke narkar da ita da kansa ba. Akwai wata babbar jaka a hanjinsa cike da ƙananan halittu masu amfani, su ke yi masa wannan aiki. Magungunan da na lissafa sukan hallaka masu amfanin, sai wata muguwar ƙwayar cuta dangin Clostridium ta samu fili ta hayayyafa, ta riƙa zuba dafi a cikin hanjin.

Ga yadda abin ke zuwa. Ranar farko sai ka ga kamar ya samu sauƙi. Bayan 'yan kwanaki sai ya ƙi abinci, ya takure a lungun keji, gashin ya miƙe ya yi buzu-buzu, idanu su faɗa, bayansa ya jiƙe da zawo mai wari, ciki ya kumbura. Yaro kuwa, don tausayi, sai ya ƙara ɓare masa wani kafson, a ganinsa na farkon ne bai isa ba. Da asuba a tarar ya sandare. Sai a ce ai cutar ce ta fi ƙarfinsa, kuma in na biyu ya kwanta gobe, maganin nan dai za a sake ba shi. Wannan ne ya fi ci mini rai a lamarin: gida guda sai ya rasa dabbobinsa kaf ba tare da kowa ya zargi kafson ba.

Haɗarin bai tsaya a kemis ba. Garin maganin kaji da ake kwaɓawa a ruwa, wanda ake sayarwa da sunan ƙarin kuzari, sau da yawa akwai irin waɗannan magunguna a cikinsa, haka ma wani abincin kaji na buhu. Kada ɓeran Masar ya sha ruwa kwano ɗaya da kaji. In ya kamu da rashin lafiya a kai shi wurin likitan dabbobi. Mubi gari ne na shanu, kasuwarta ta shahara har Kamaru da Chadi, don haka hannun malaman dabbobinmu ya fi sabawa da sa da tunkiya. Ba raini ba ne in ka ce, "Malam, don Allah a duba, an ce wannan ba ya ɗaukar dangin penicillin." Akwai magungunan da yake ɗauka, irin su enrofloxacin, amma awo ake yi gwargwadon nauyinsa, wanda da kyar yake wuce kilo ɗaya. Kuma kada a jira. Ɓeran Masar da ya yi yini guda bai ci komai ba yana cikin haɗari, domin hanjinsa ba ya jure zama babu abinci.

Sai zafi. Asalin wannan dabba duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, ƙasa mai tudu da sanyi, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonta. Ko a maƙwabciyarmu Kamaru, kiwonta ya fi ƙarfi ne a tuddan yamma masu sanyi, wajen Dschang da Bamenda. Jikinta ya fi son zafin da ke tsakanin digiri 18 da 24. Da ya haura 27 ta fara wahala, a 30 tana iya mutuwa. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafinmu yakan kusanci digiri 40 a inuwa. Ba ta yin gumi, ga riga mai kauri da ba ta iya tuɓewa.

Ku dubi inda muke ajiye su: akwatin katako da aka rufa wa guntun kwano, an jingina shi da katanga, safe inuwa, azahar rana tsaka. Irin wannan keji da rana tanda ce. Za ka tarar da dabbar ta miƙe a ƙasa shame-shame, tana numfashi da sauri, yawu na zuba daga bakinta, ka taɓa ta ba ta gudu. In ka ga haka, ɗauke ta nan take zuwa ɗaki mai sanyi, ka jiƙa tsumma da ruwan randa ka shafa mata a kunnuwa da ƙafafu da ciki. Kada ka tsoma ta a ruwan ƙanƙara, kada kuma ka ɗura mata ruwa da ƙarfi, zai iya sarƙe ta. Gara ma a hana abin faruwa: a mayar da kejin ɗakin ƙasa ko ƙarƙashin bishiya mai inuwar da ba ta gushewa, a cire rufin kwano a sa zana ko ciyawa, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta ɓangaren da iska ke shigowa. In an ajiye ƙaramin tulu mai ruwa a cikin kejin, za ka ga sun je sun kwanta a jikinsa. Ruwan sha kada ya yanke ko na awa ɗaya. Masu ɗauko su daga kasuwa a leda ko a rufaffen kwali a bayan babur da tsakar rana, ku daina. Da hunturu kuma ƙura da iskar dare ke jawo musu ciwon huhu, sai a tare ɓangaren gabas.

Abinci ma akwai magana. Ɓeran Masar yana cikin 'yan dabbobi ƙalilan da jikinsu ba ya haɗa bitamin C da kansa, kamar dai ɗan Adam. Zomo yana haɗa nasa, shi ya sa abincin zomo ba ya wadatar da ɓeran Masar. Babba yana bukatar kamar miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, mai ciki kuwa har ninki uku. Da rani, idan ɗanyen ganye ya yi wuya aka koma dusa da busasshiyar harawa kaɗai, cikin mako biyu zuwa uku alamun ke fitowa: gaɓoɓi su kumbura, ya riƙa ɗingishi yana kuka in an ɗauke shi, dasashi ya yi jini, gashin zinariyar ya dushe. Mai shi sai ya ɗauka shanyewar ƙafa ce, ya nufi kemis, mu koma gidan jiya. Alhali maganin yana lambu: yankin tattasai, ɗan gwaiba, ganyen zogale, kabeji, ganyen dankalin Hausa. Kaɗan-kaɗan kullum, kuma sabon ganye a fara da ɗan ƙanƙani don kada ya ɓata ciki. Ciyawa kuwa, ɗanya ko busasshiya mai tsabta, kada ta ƙare a gabansa dare da rana, saboda haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Albasa, tafarnuwa, ganyen dankalin Turawa, ganyen tumatir da ɗanyen ganyen rogo, a kiyaye.

Iyaye, da faɗuwar damina ku ja kunnen yaran da ke zuwa yankan ciyawa. Gonakinmu yanzu feshi ake yi musu, kuma ciyawar da aka fesa wa magani da safe tana nan kore shar har yamma. Yaro ba zai gane ba. Kada a yanko daga bakin gonar da ba a san halinta ba.

Game da launin zinariyar, akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. Ruwan zinariya na yau da kullum ba shi da wata illa. Amma akwai wani iri mai gashi mai sheƙi sosai, yana walƙiya in haske ya buge shi, wanda masu kiwo a Turai da Amurka ke kira satin. Likitocin dabbobi sun tabbatar irin wannan yana yawan kamuwa da ciwon ƙashi na gado: ƙasusuwa su yi laushi, muƙamuƙi ya kasa tauna, dabbar ta riƙa tsalle irin na zomo maimakon tafiya. Ba ya warkewa, sai dai a rage mata raɗaɗi. Wanda ya fi sheƙi shi ake tsawwala wa kuɗi, shi kuma yara suka fi so. A ganina bai dace a ci gaba da haɗa irin wannan barbara don neman launi ba. Wajen haihuwa kuma, ciki kwana 59 zuwa 72 ne, kuma macen da ba ta taɓa haihuwa ba har ta wuce wata bakwai tana iya kasa haihuwa saboda ƙugunta ya ƙage. A raba 'ya'ya maza da uwa da 'yan uwansu mata tun suna mako uku.

Yanzu ga abin da ya shafi lafiyarmu mu kanmu. Ɓeran Masar na iya ɗauke da makero, kuma yana kama yaron da ke rungumarsa. Yana iya ɗaukar Salmonella, mai sa zawo da zazzaɓi. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 9 a jihohi 8 da suka kamu ta hanyar waɗanda ake kiwo a gida. Don haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko an share kejinsa, kada a sumbace shi, kada a ajiye shi a madafa, kada kwanonsa ya haɗu da na gida. Zomo ma a raba shi da su, yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon huhun da ba ta damunsa amma tana kashe ɓeran Masar.

Babban tsorona shi ne baƙin da kejin ke gayyatowa. Ragowar dusa da hatsin da suka kwana a ƙasa kira ne ga ɓeran daji, kuma cikinsu akwai mai nonuwa da yawa, wanda fitsarinsa da kashinsa ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Mu ba baƙi ba ne ga wannan suna. Garin Lassa yana nan arewa da mu, a ƙaramar hukumar Askira/Uba ta jihar Borno, inda aka fara gano cutar a 1969, kuma da rani ta fi tashi. Ɓeran Masar na gida ba shi ne tushenta ba, kada a far musu da kisa. Abincinsa da aka bari a buɗe shi ne matsalar. A zuba daidai abin da za su cinye, a share saura kafin magariba, a rufe dusa a durom ko bokiti mai murfi, a toshe ramuka, a kewaye kejin da waya mai ƙananan idanu. Daɓen da suke takawa dai kada ya zama waya, tana kumbura musu tafin ƙafa. In za a sa maganin ɓera, a sa inda su da yara ba za su kai ba.

Ɓeran Masar da ya mutu ba a san dalili ba, kada a ci, kada a jefar a bola ko a bai wa kare. A sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi, a wanke kejin da ruwan bilic kafin a mayar da sauran. In kuma wani a gidan ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa ma'aikatan lafiya cewa ana ganin ɓeraye a gidan. Lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232. Masu unguwanni da limamai da fastoci da malaman makaranta, don Allah ku isar da wannan ga gidajen da takarda ba ta shiga, musamman ga yaran da kiwon ke hannunsu.