Ɗigon Gam a Notin Birki: Amfaninsa da Inda Yake Cutarwa

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji don a canza masa fad ɗin birki ya ga yadda ake yi. Bakanike zai cire taya, ya kwance wani dunƙulen ƙarfe da ya rungumi faifan birki, wanda masu sana'ar ke kira kalifa, ya sa sabon fad, ya mayar da notuna ya ɗaure. Mai mota kuwa hankalinsa na kan kuɗin fad. Ba safai yake tambayar me zai hana waɗannan notunan kwancewa ba, alhali su ne ke riƙe da abin da zai tsayar da motar.

Noti yana zama daram ne saboda miƙewar da jikinsa ke yi idan an ɗaure shi, kamar igiyar da aka ja ta yi tauri. Girgizar hanya da zafin birki, wanda ke sa ƙarfe ya buɗe ya kuma tsuke, su ne ke rage wannan taurin sannu a hankali. A hanyoyinmu masu ramuka da gargada, girgizar ba ta da hutu. Idan notin kalifa ya faɗi, kalifar na iya juyawa ta daki cikin rim, ko ta ja tiyon man birki ya tsinke, direba ya taka feda ya ji ta tafi ƙasa babu komai.

Maganin da aka samo wani ruwan gam ne da ake ɗigawa a zaren noti. Wani malamin kimiyyar sinadarai a Kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka, Vernon Krieble, shi ya ƙirƙiro shi a 1953, kuma daga nan aka samu kamfanin Loctite, wanda Henkel na Jamus ya mallaka tun 1997. Abin mamaki game da wannan gam shi ne, iska ce ke hana shi bushewa. Sai ya shiga tsakanin zare da zare, inda babu iska kuma ya taɓa ƙarfe, sannan ya daskare ya cike ɗan wurin da noti ke samu ya yi motsi. Shi ya sa ba a cika kwalbarsa taf. Wanda ya ga rabin kwalba kada ya ce an cuce shi. Yana fara kamawa cikin mintuna, amma sai bayan awa 24 yake kai cikakken ƙarfinsa.

A launi ake yawan yin kuskure. Shuɗi, irin su lamba 242 da 243, matsakaicin ƙarfi gare shi, sifana ta hannu tana kwance shi. Ja, irin su 271, an yi shi ne don abin da ba a sa ran kwancewa, kuma yawanci sai an gasa wurin ya kai kusan digiri 250 a ma'aunin Salshiyos kafin ya saki. To ka duba: birki wuri ne da za a sake buɗewa duk sanda fad ya cinye, ga robobi da man birki kusa da shi waɗanda ba sa jure wuta. A ganina, in ba littafin motar ne ya ce a sa ja ba, shuɗi ya wadatar. Wanda ya lafta ja a ƙaramin noti ya bar wa bakaniken gaba aikin haƙo karyayyen noti, mai motar kuma ya biya.

Kuma ba kowane ƙarfe a jikin kalifa ne ke son gam ba. Akwai manyan notuna biyu da ke riƙe mazaunin kalifar, akwai ƙanana da ke ɗaure ta a kan wasu sanduna biyu da take zamewa a kansu. Zaren noti kaɗai ake ɗiga wa gam. Jikin sandunan giris na musamman suke buƙata, irin na silikon wanda ba ya kumbura roba. Idan gam ya kai can, kalifa ta cije, fad ɗaya ya riƙa cinyewa, taya ta yi zafi.

Wasu kamfanonin, Volkswagen na cikinsu, suna sayar da notunan birki da busasshen gam a jikinsu tun daga masana'anta, kuma a wasu motocin umarninsu shi ne a sa sabon noti bayan an kwance tsohon. Wasu motocin kuma littafinsu bai ambaci gam ba sam, ɗauri daidai awo kawai ya nema.

Nan ne babbar matsalarmu take. Da yawa daga garejinmu babu sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Sai a zura bututu a hannun sifana a danna har sai an ji ta ƙi. Gam ba ya gyara wannan. Hasali ma, yayin da yake ɗanye yana sa zare santsi, don haka mai ɗaurin ganganci ya fi saurin wuce iyaka. Noti da zarensa ya cinye ko ya miƙe fiye da kima, canza shi ake yi, ba shafa masa gam ba. Haka kuma sufa gulu ba madadinsa ba ne.

Yadda ake sawa ba wuya: a goge tsohon gam da tsatsa da burushin waya, a wanke maiƙo, a bari ya bushe, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu, a ɗaure nan take daidai awon da littafin ya faɗa.

Mai karatu, ran da za a taɓa maka birki, ka tsaya a wurin. Ka tambayi bakanikenka wane launi zai sa, kuma da me zai auna ɗaurin, kafin a mayar da taya.