Mai lasifika ya koma cikin waya

Duk wanda ya taɓa jiran mota a Gusau, ko ya ratsa kasuwar Tsafe ranar da take ci, ya san mai maganin nan da ke ɗaure lasifika a kan tsohuwar mota. Ba ya fara zance da kuɗi. Cututtuka yake jerowa tukuna: basir, sanyi, shawara, ciwon baya, har sai kowa ya ji an taɓo nasa. Can sai wani ya kutso daga cikin taro, ya ce shi ya sha ya warke, ya miƙa kuɗi ya karɓi ƙulli biyu. Idan ka yi sa'a, da almuru za ka iske su biyun a benci ɗaya wajen mai shayi.

Wannan mutumin ne ya koma cikin waya, sai dai yanzu ba ya shan rana.

Kwanaki ɗan ƙanwata da ke Bungudu ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, duba mini wannan, na Inna nake so in saya." Talla ce ya gani a Facebook ta maganin gyambon ciki, ya latsa, ta kai shi wani shafi. Na yi ta jan shafin da babban yatsa, ƙarshe ya ƙi zuwa. A sama tambaya ce da jan rubutu, ko na gaji da kwana zaune saboda zafin ƙirji. Sai labarin wani da ya zaga asibitoci, kuɗinsa suka ƙare, kafin Allah ya haɗa shi da sirrin. Sai hoton mutum cikin farar riga, abin awon likita rataye a wuya, ba suna, ba asibiti. Sai hotunan hirar WhatsApp, mata da maza suna ta godiya da sa albarka. Farashi bai bayyana ba sai da yatsana ya gaji: an rubuta naira 45,000 an soke, an sa 19,500 a ƙasa. Kusa da shi agogo na ƙirga mintoci, wai da ya kai sifiri rangwame ya tafi, kuma kwalba bakwai suka rage.

Na ce masa mu je masallaci. Da muka idar da la'asar muka sake buɗe shafin, agogo ya koma farko, kwalba bakwai ɗin nan suna nan daram.

Tsawon shafin shi kansa dabara ce. 'Yan kasuwar Amurka sun daɗe suna aika dogayen wasiƙun talla ta gidan waya, tun kafin a san intanet, kuma sun gano cewa wanda ya ɓata lokacinsa yana karatu yakan ji nauyin tashi hannu rabbana. Kowane sashe an rubuta shi ne don ya toshe wata tambaya kafin ta zo bakinka. Ka ce tsada? Ga rangwame. Ka ce ko jabu ne? Ga lambar NAFDAC. Ka ce damfara? Ai sai kaya sun iso hannunka za ka biya. A 1984 wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Cialdini, ya fitar da littafi inda ya tattara hanyoyi shida da ake jawo ra'ayin mutum, ciki har da nuna cewa jama'a duk sun saya, da fakewa da rigar masana, da cewa abu ya kusa ƙarewa. Mai lasifika bai karanta Cialdini ba, amma ko ɗaya bai bari ba. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Princeton sun duba shafukan saye da sayarwa kusan 11,000, suka tarar da irin waɗannan tarkuna fiye da 1,800, har da agogon da ke komawa farko kamar wanda muka gani.

Lambar NAFDAC ɗin ma tana buƙatar a tsaya a kanta. Yawancin magungunan gargajiya hukumar kan ba su lamba mai harafin L a ƙarshe, abin da ke nufin an duba an ga ba su da illa a sha. Ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da ake faɗa, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan layin ba ka ganinsa da jan rubutu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da shafin ya ƙwace mana. A kasuwa ciniki magana ce ta mutum biyu. Ka taya, ya ce albarka, ka juya baya, ya kira ka, a ƙarshe ya sallama. Ga mutane a gefe, wani dattijo na iya jan hannun rigarka ya raɗa maka cewa ya saya bara, ruwan kanwa ne. A waya kai kaɗai ne, sau da yawa cikin dare, lokacin da ciwon ya hana barci. Mai kaya shi ke taya wa kansa, shi ke sallamawa, shi ke kawo shaidu.

Kuma a jiharmu da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999, ai ba mu rasa sunan wannan abu ba. Malaman fiƙihu suna kiransa najashi: mutum ya taya kaya ko ya yaba su ba don zai saya ba, sai don wani ya ruɗu ya saya. Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Hoton hirar da mai kaya ya rubuta wa kansa da wayoyi biyu, ina bambancinsa da abokin mai lasifika? Dokar ƙasa ma akwai: tun 2022 hukumar ARCON ke da ikon tantance talla har ta intanet. Amma shafin da aka buɗe yau, aka rufe jibi, aka sake buɗewa da wani suna, wa zai bi sawunsa?

Ba duk mai dogon shafi ne maƙaryaci ba, kar a ce na yi musu kuɗin goro. Akwai matasa a Gusau da ke sayar da takalma da atamfa ta wannan hanya, kayansu na gaske, suna kwaikwayon salon ne kawai don sun ga yana kawo ciniki.

Ɗan ƙanwata dai ashe ya riga ya cike fom tun kafin ya nuna mini, ya sa lambarsa. Muna zaune wayar ta yi ƙara. Wata murya mai laushi ta ce kayansa na hanya, kuma idan ya ƙara kwalba ɗaya za a ba shi ta uku kyauta, amma yau kaɗai.